Filashin Ceto Da Ya Ƙi Haɗuwa: Kira Ga Masu Gyaran Kwamfuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a cikin sana'armu ta gyaran kwamfuta. Ina da shago a Yelwa a nan cikin Bauchi, kuma mafi yawan masu zuwa wurina ɗalibai ne da malamai da ma'aikatan ofis, mutanen da duk wahalar shekarunsu take ajiye a cikin laftof guda ɗaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe da ta zo mini a kwanakin baya tana hawaye. Kwamfutarta ta ƙi tashi ana saura 'yan makonni ta miƙa aikin bincikenta. Yarinyar ba ta yi sakaci ba, domin yayanta ya riga ya ɗaukar mata cikakken kwafin kwamfutar da manhajar ajiya, ya adana shi a wani faifai na waje da ake jonawa da kebul. Abin da ya rage kawai shi ne a haɗa filashin da zai tayar da kwamfutar a mayar mata da komai yadda yake. Mai gyaran da ta fara zuwa wurinsa ya gwada haɗa filashin sau biyu, manhajar ta nuna masa saƙon kuskure, sai ya yanke hukuncin cewa manhajar ce ba ta da kyau, ya ce a zuba sabon Windows kawai. Da ya rasa filashi mai girma a kusa, sai ya jona faifan ajiyar yarinyar ya ba manhajar Microsoft ta haɗa kayan zuba Windows a kansa. Wannan manhaja tana goge duk abin da ke kan faifan da aka ba ta, ta yanke masa gigabayit 32 ta bar sauran kamar babu. Haka aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago: na cikin kwamfutar ya tafi, kwafin ma ya bi shi. Mun yi kwana biyu muna tono, mun samo mata wasu babobi, amma ba duka ba.

Ban kawo wannan labari don in ci zarafin ɗan'uwana a sana'a ba, domin na san abin da ya ture shi shi ne rashin sanin inda zai duba idan filashi ya ƙi haɗuwa, kuma da yawa daga cikinmu a nan muke tuntuɓe. Kalmar "a yi fomatin" ta zama mana maganin kowace cuta, alhali abin da ke cikin kwamfutar mutum amana ce a hannunmu tun daga lokacin da ya ajiye ta a kan teburinmu.

Ga masu karatu da ba su saba da lamarin ba, bari in ɗan fayyace. Manhajojin ajiya irin su Macrium Reflect da Acronis True Image da AOMEI Backupper da EaseUS Todo Backup da Veeam suna iya ɗaukar hoton faifan kwamfuta gaba ɗayansa, da Windows ɗin da manhajojin da fayilolin, su dunƙule shi a fayil guda. Amma ranar da Windows ya mutu, manhajar da ke cikinsa ta mutu tare da shi, don haka dole a samu wata hanya ta tayar da kwamfutar daga waje. Wannan hanya ita ce filashin ceto. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin Windows da ake kira Windows PE, ko kuma wani ƙaramin Linux, tare da manhajar ajiyar kanta. Kuma kowace manhaja da nata filashin, domin a mafi yawan lokuta kwafin da wata ta ɗauka, wata ba za ta iya buɗe shi ba. Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a wata cibiyar bincike ta ƙasar Taiwan kuma ake samunta kyauta, ba za ta mayar da kwafin Macrium ba, haka nan tsohon filashi yakan kasa karanta kwafin da sabon zubin manhajar ya ɗauka.

Abu mafi amfani da na koya a wannan fanni shi ne raba matsalar gida biyu. Haɗa filashin ceto aiki biyu ne a dunƙule: na farko manhajar ta tattara kayan ɗan ƙaramin Windows ɗin ta gina shi, na biyu kuma ta rubuta abin da ta gina a kan filashi. Idan aka ga saƙon kuskure, sai a koma a zaɓi a fitar da shi a matsayin fayil na ISO, wato fayil guda mai ɗauke da duk abin da za a zuba wa filashin, a ajiye a kan kwamfuta maimakon a tura shi kai tsaye kan filashi, kasancewar kusan duk waɗannan manhajoji suna ba da wannan zaɓi. Idan fayil ɗin ya fita lafiya, to an tabbata laifin na filashi ne ko na kafar USB da aka jona shi, sai a ɗauki Rufus, wata ƙaramar manhaja ta kyauta, a rubuta shi da ita. Idan kuwa fayil ɗin ma ya ƙi fita, to babu amfanin canza filashi goma, domin cutar tana cikin kwamfutar da ake aikin a kanta. Wannan gwaji ba ya cin fiye da 'yan mintoci, kuma da wancan ɗan'uwa ya yi shi, da yarinyar ba ta yi asara ba.

A ganina, a garuruwanmu filashin kansa shi ne babban mai laifi, kuma a nan nake so in ɗan tsaya. Kasuwanninmu cike suke da filashi na jabu, wanda aka rubuta masa gigabayit 64 ko 128 a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka idan aka jona shi, alhali ainihin abin da zai iya ɗauka bai wuce kaɗan daga ciki ba. Masu yin sa suna sauya bayanin da ke cikin ɗan ƙaramin guntun da ke sarrafa shi ne, ya riƙa yi wa kwamfuta ƙarya game da girmansa. Sharrin irin wannan filashi shi ne ba ya nuna alamar komai da farko. Zai karɓi fayil, ya nuna sunansa da girmansa daidai, amma da zarar an wuce ainihin iyakarsa, sai ya riƙa zubar da abin da ake ba shi ko ya rubuta shi a kan na baya. Shi ya sa za ka ga manhaja ta kai kusan ƙarshe ta tsaya, ko ta ce ta gama amma kwamfuta ta ƙi tashi da shi. Akwai manhajar kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika filashi da bayanai tun daga farko har ƙarshe sannan ta karanto su ta gani ko sun dawo daidai. Takan ɗauki lokaci, wani zubin sa'a guda ko fiye, amma ni yanzu ba na sa wa kowane sabon filashi amana sai ya wuce ta hannunta. Na sha mayar wa mai kaya da filashi saboda haka, kuma ba kullum ba ne mai shagon ya san jabu yake sayarwa, shi ma sarowa ya yi. Araha dai ba ta ado, kuma filashin da kuɗinsa bai kai rabin na 'yan'uwansa ba abin tuhuma ne.

Ko filashin na gaske ne, babba ba shi ne mafi alheri a wannan aiki ba. Kwamfutocin zamani masu tsarin UEFI, wato sabon tsarin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ya hau, sun fi ganewa da filashin da aka tsara shi da FAT32, ɗaya daga cikin tsare-tsaren ajiye fayiloli a kan faifai, shi kuwa Windows a tagar fomatin ɗinsa ta yau da kullum ba ya ba da zaɓin FAT32 ga abin da ya haura gigabayit 32, sai exFAT ko NTFS, waɗanda kwamfutoci da yawa ba sa tashi da su kai tsaye. Don haka filashi mai gigabayit 8 ko 16 ya wadatar, ya kuma fi sauƙin sha'ani. Shi FAT32 yana da tasa iyakar, domin ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, kuma wannan ne ke kama masu son su ɗora kwafin kwamfutar a kan filashin ceton kansa. Kwafi wurinsa daban, filashin ceto wurinsa daban. Sannan filashin da aka taɓa zuba wa Linux ko aka yi amfani da shi a talabijin ko rediyon mota yakan zo da rabe-raben da manhajar ba za ta iya taɓawa ba. Maganin wannan shi ne a share shi tas da umarnin diskpart na Windows, amma ina gargaɗi da babbar murya cewa a cire duk wani faifai na waje kafin a fara, a kuma duba lambar faifan da aka zaɓa sau biyu, domin umarnin clean, wanda da shi ake yin sharar, ba ya tambayar mutum ko ya tabbata, kuma ba ya bambanta filashin dubu uku da faifan da ke ɗauke da aikin shekara goma. A ƙarshe a gwada wata kafar, musamman a kwamfutar tebur inda kafofin baya suka fi na gaba ƙarfi.

Idan kuma ginin ne ya ƙi, to a tambayi inda manhajar take samo kayanta. Hanya biyu ce. Ko dai ta ɗauko su daga sashen ceto da Windows ke ɓoyewa a cikin faifan kwamfutar, wanda ake kira Windows RE, ko kuma ta sauko da su daga intanet. Yawancin laftof ɗin da ke hannun mutanenmu na hannu ne, kuma masu sayarwa sukan zuba musu Windows ɗin da aka rage wa kaya don ya yi sauri, ko su kwafo shi daga wata kwamfutar su bar sashen ceton a baya. A irin wannan hali manhajar za ta nemi fayil ɗin winre.wim ta rasa. Ana gane haka ta hanyar buɗe tagar umarni da ikon mai gudanarwa a rubuta reagentc /info, wanda zai nuna ko sashen yana kunne ko a kashe. Idan a kashe yake sai a gwada reagentc /enable, idan ya ƙi to mai yiwuwa fayil ɗin ne babu, sai a koma hanya ta biyu. Wannan sashe ya ba mutane wahala ko a ƙasashen da suka ci gaba, domin a watan Janairun 2024 wani sabuntawa na Windows 10 mai lamba KB5034441 ya riƙa faɗuwa da kuskure mai lamba 0x80070643 a kan kwamfutocin da sashen cetonsu ba shi da sararin megabayit 250 da ake buƙata.

Hanya ta biyu kuwa ita ce ta fi haɗuwa da halin da muke ciki. Kayan da ake saukowa da su ɗaruruwan megabayit ne, kuma mu da data ta waya muke aiki, ga yankewar sabis ga ɗaukewar wuta, ga laftof ɗin da batirinsa ba ya riƙe caji na minti goma. Idan saukarwar ta katse a tsakiya, wasu manhajojin sukan ajiye guntun fayil ɗin su ci gaba da ƙoƙarin aiki da shi, sai a yi ta samun kuskure iri ɗaya ko an sake gwadawa sau nawa. Sai an nemo wurin da ta ajiye shi an goge, ko an zaɓi a sake ginawa daga tushe. Wani abin da ke rikita masu gyara shi ne, tun daga zubin 1809 na Windows 10, Microsoft ya raba Windows PE daga ƙunshin kayan aikin da ake kira ADK, ya mai da shi ƙari na daban, don haka wanda ya sauke na farkon kawai ya bar na biyun zai ga manhajar tana ce masa kayan ba su cika ba. Shawarata ga duk mai shago ita ce ya sauke waɗannan kaya sau ɗaya a lokacin da sabis ke da ƙarfi, ya adana su a faifansa.

Sauran dalilan ƙanana ne, ba sa buƙatar dogon bayani: faifan kwamfutar ya cika babu wurin aikin wucin gadi, ko ba a buɗe manhajar da ikon mai gudanarwa ba, ko manhajar kariya daga bairos ta tare rubutu a kan filashi. Sai dai a kan wannan na ƙarshen akwai gaskiyar da ya kamata mu gaya wa kanmu. Da yawa daga cikinmu manhajar sata muke amfani da ita, wadda aka fasa makullinta, kuma idan manhajar kariya ta kama wani ɓangare nata ta killace, sai mu kashe kariyar mu ci gaba. Ban ga hikimar ɗora ceton dukiyar mutum a kan kayan da ba mu san wanda ya taɓa su ba. Gaskiya ne Macrium ya daina tallafa wa zubinsa na kyauta tun farkon 2024, amma akwai Veeam na kyauta, akwai Clonezilla da Rescuezilla, duk halal ne kuma suna aiki.

To, a ce filashin ya haɗu, manhajar ta ce an gama. A nan ne mafi yawanmu muke cire shi mu jefa a aljihun tebur, kuma a nan ne kuskure mafi tsada yake. Filashin da ba a tayar da kwamfuta da shi an gani da ido ba, ba a san ko filashin ceto ba ne. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Dole a kashe kwamfutar a tayar da ita da shi a ranar da aka haɗa shi, tun tana da lafiya. A HP akan danna F9 ne don a ga jerin abubuwan da za a iya tashi da su, a Dell da Lenovo kuma F12. Idan sunan filashin ya fito sau biyu, ɗaya da UEFI a gabansa ɗaya babu, a zaɓi wanda ya dace da yadda aka zuba Windows ɗin kwamfutar, domin wanda ya tashi ta tsohon tsarin BIOS ya mayar da kwafin da aka ɗauka a tsarin UEFI yana iya gamawa kwamfutar ta ƙi tashi. Idan bai fito ba sam, sai a duba Secure Boot, wato tsaron da ke hana kwamfuta tashi da abin da ba shi da sa hannun da ta yarda da shi. A watan Mayun 2023 Microsoft ya fara fitar da matakan toshe wata muguwar manhaja mai suna BlackLotus, ya kuma bayyana cewa kwamfutar da aka kammala wa waɗannan matakai ba za ta ƙara tashi da tsofaffin filashin da aka haɗa kafin gyaran ba. Ga shi kuma takardun shaidar Secure Boot na 2011 wa'adinsu na ƙarewa ne a cikin 2026, ana maye gurbinsu da na 2023. Ma'anar wannan ga mai shago ita ce filashin da ya haɗa shekara uku da suka wuce yana buƙatar a sabunta shi a sake gwada shi.

Kafin kowa ya taɓa Secure Boot, ina roƙonsa ya tambayi mai kwamfutar ko yana da makullin BitLocker ɗinsa, wato tsarin Windows da ke kulle bayanan faifai. Sababbin laftof da yawa suna zuwa da faifansu a kulle ba tare da mai su ya sani ba, kuma sauya saitin tashi yana iya sa kwamfutar ta nemi makulli mai lambobi 48, wanda galibi yana ajiye ne a asusun Microsoft na mutumin. Ɗalibi nawa ne a cikin masu zuwa wurinmu ke tuna kalmar sirrin asusun da wani ya buɗe masa a shago? Duniya ta ga muhimmancin wannan makulli a ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa na kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, inda ma'aikatu da dama suka tarar ba za su iya shiga su gyara ba sai da shi. A rubuta shi a takarda a ajiye tun kafin a buƙace shi.

Gwajin bai cika ba sai an tabbatar da abu biyu bayan filashin ya tashi: yana ganin faifan cikin kwamfutar, kuma yana ganin faifan da kwafin yake, har ya buɗe shi. Laftof masu injin Intel daga ƙarni na 11 zuwa sama sukan ɓoye faifansu a bayan wata fasaha da ake kira VMD, kuma idan ɗan ƙaramin Windows ɗin ba shi da direbanta, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ya gane ta, sai ya nuna kamar babu faifai a kwamfutar gaba ɗaya. Na ga wanda ya gaya wa mai kaya cewa faifansa ya ƙone saboda wannan, ya sa shi sayen sabo, alhali lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa ya fi kyau a haɗa filashin a kan ita kwamfutar da za a ceta, domin manhajar ta kwashi direbobinta ta saka a ciki, idan kuma ta riga ta mutu, a sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera ta a ƙara shi da hannu. Wasu sukan kashe VMD ɗin a saiti don su huta, amma su sani Windows ɗin da aka zuba lokacin da VMD ɗin yake kunne zai iya ƙin tashi idan ba a sake kunna VMD ɗin ba.

Malam Edita, tallafin Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma mutanenmu da yawa suna ta kawo kwamfutocinsu a sauya musu zuwa Windows 11, wasu ma a kan injinan da ba su cika sharuɗɗansa ba. Wannan lokaci ne da za a yi ta goge faifai a shaguna daga Wunti har Gwallameji. Ina kira ga 'yan'uwana masu gyara da kada ɗayanmu ya taɓa faifan mutum sai ya ɗauki kwafi, ya haɗa filashi, ya tayar da kwamfutar da shi a gaban mai ita, ko da hakan zai sa a ƙara kuɗin aiki a kuma ƙara yini guda. Ina kira ga masu kwamfuta su ma su riƙa neman a nuna musu wannan gwaji kafin su biya, su karɓi filashinsu su rubuta masa suna da kwanan wata, kada su ba da aronsa a ɗauki waƙa ko hotunan biki. Ku kuma ina roƙonku ku ware wani ɗan gurbi a shafinku na kimiyya da fasaha inda masu sana'ar za su riƙa amsa tambayoyin jama'a da Hausa, domin saƙonnin kuskuren nan da Turanci suke fitowa, kuma mafi yawan masu karɓar su ba su da wanda zai fassara musu abin da suke nufi. Idan kun buɗe wannan gurbi, a shirye nake in riƙa aiko da amsoshi a kan abin da na sani ba tare da an biya ni ba.

Wassalam.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Yelwa, Bauchi.